Neman shawara: Idan Allah ya gafarta mini, me ya sa ɗana yake shan wahala?

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. A shekarun baya na ci amanar abokin kasuwancina, daga baya na tuba na mayar masa da kuɗinsa. Yanzu ɗana yana fama da ciwon sikila, wani a ikilisiyarmu kuma ya ce mini horon Allah ne. Zabura 103:10 ta ce Allah ba ya sāka mana gwargwadon zunubanmu, amma Ibraniyawa 12:6 ta ce Ubangiji yakan hori wanda yake ƙauna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 2 Sama'ila 12:13-14, inda annabi Natan ya faɗa wa Sarki Dauda an gafarta masa laifinsa, duk da haka jaririnsa ya mutu. Ina roƙon ku fahimtar da ni.

Wani dattijon ikilisiya:
Ɗana, a batun Dauda Allah da kansa ne ya aiki annabi da saƙo a kan wannan laifi, wanda ya yi maka magana kuwa ba a aiko shi ba. Mutanen da aka rubuta wa wasiƙar Ibraniyawa masu shan tsanani ne saboda bangaskiyarsu, har an ƙwace musu dukiya, kamar yadda 10:34 ta nuna, don haka horon da sura ta 12 take nufi tarbiyyar uba ce ga 'ya'yansa, ba biyan bashin zunubin da aka riga aka yafe ba.

Wata uwa daga zumuntar mata:
Ƙanena, da almajirai suka tambayi Yesu ko laifin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba, ka duba Yahaya 9:3. Sikila gadonta ake yi ta jinin uwa da uba. Kada ku yi wasa da zuwa asibiti.

Wani ɗan'uwa:
Baba, na yarda da kai, sai dai 1 Korantiyawa 11:30 ta nuna ciwo yakan zama horo wani lokaci. Amma Bulus ya ce kowa ya binciki kansa ne, bai ce ya binciki maƙwabcinsa ba, Ezekiyel 18:20 kuma ta ce ɗa ba zai ɗauki alhakin mahaifinsa ba. Mutuwar jaririn Dauda har yanzu tana yi mini nauyi, ina fata fastocin da ke cikinmu za su ƙara mana bayani a kanta.