Sabon albam ɗin Linkin Park: su ne har yanzu, ko suna kawai ya rage?

Bello Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka zauna suka saurari From Zero, albam ɗin ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka Linkin Park, daga farko har ƙarshe, ban da masu jin guntun waƙa a TikTok su yanke hukunci. A kunnenku wannan Linkin Park ce, ko wata ƙungiya ce daban ta ari sunan?

Na san mu masu jin kiɗan rok a garin nan ba mu da yawa. Ni ma yayana ne ya jefa ni ciki, lokacin yana karatu a Ɗanfodiyo. Ya zo hutu da faifan sidi da aka kwafo masa, rabi Hybrid Theory rabi Meteora, tsofaffin albam ɗin ƙungiyar, muna sa shi ƙasa-ƙasa a ɗakin zaure don kada Baba ya ji. Turancin ba duka nake ganewa ba a lokacin, amma ihun mawaƙinsu Chester Bennington ba ya buƙatar tafinta.

Ga wanda bai bi labarin ba: Chester ya mutu ranar 20 ga Yuli 2017, wata biyu bayan fitowar albam ɗinsu One More Light. Daga nan ƙungiyar ta yi shekara bakwai ba sabon albam. Sai ranar 5 ga Satumba 2024 suka fito da sabuwar mawaƙiya Emily Armstrong, daga ƙungiyar Dead Sara, tare da sabon mai ganga Colin Brittain. Albam ɗin ya biyo baya ranar 15 ga Nuwamba, waƙa 11, duka-duka kusan minti 32.

Kowa Emily yake magana, amma ba ita kaɗai ce canjin ba. Rob Bourdon, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, ya janye bai dawo ba. Brad Delson ya kaɗa gita a albam ɗin, amma ba ya fita yawon wasa da su, Alex Feder ke tsaya masa. Wato in ka kalle su a dandamali yau, cikin mutum shida da muka sani uku ne suka rage: Mike Shinoda, Joe Hahn da Dave Farrell.

Ra'ayina, albam ɗin ya yi. Ba zan yi ƙarya ba. A The Emptiness Machine, Mike ne ya buɗe, ita sai a baiti na biyu ta shigo, kuma shigowar tata tana da nauyi, muryar na da ƙaiƙayi irin na wanda ya daɗe yana waƙa a ƙananan wurare. Ihun da ta ja a Heavy Is the Crown kuwa, duk wanda ya ce ba ta iya ba son zuciya ne. Abin da na ɗan ƙi shi ne, kamar tsoro ya hana su sakin jiki. Kowace waƙa in ka ji sai ka ce ai wannan ta zamanin kaza ce. Two Faced da a shekarar 2000 ta fito ba wanda zai yi mamaki. Mutanen da suka yi A Thousand Suns a 2010, suka ɓata wa rabin masoyansu rai da gangan, yau su ne ke lallashi.

Amma inda abin ya fi tsaya min ba a sababbin ba ne. A tsofaffin ne. Daren wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, 31 ga Mayu 2025, wanda PSG ta yi wa Inter 5 da nema a Munich, su suka yi wasa kafin a take ƙwallo. Muna gidan kallo a nan Mabera, mutane na ta ƙorafi a fara wasa, wani tsoho a bayana ya ce "wagga mata mi anka yi mata take kuwwa?" Kowa ya fashe da dariya. Ni kuma da ta ɗauko baitin Chester sai na ji jikina ya yi sanyi. Ba ta ɓata ba. Kawai dai kalmomin ba nata ba ne. Mutumin ya rera su da ciwon da ke cikinsa, kuma duk mun san yadda ya ƙare.

To ku fa? Ni kaɗai ke jin haka?

Nana Arkilla

Wa alaikumus salam. Yaya Bello, ka manta abu ɗaya: shi kansa Chester maye gurbi ya yi. Ƙungiyar ta fara a 1996 da sunan Xero, Mark Wakefield ne mawaƙinsu, sai a 1999 Chester ya shigo. Sunan sabon albam ɗin ma can yake nuni. Kenan tun asali gidan Mike ne da abokansa na makaranta.

Kuma ni masu kukan nan na intanet ba sa ba ni tausayi. Su ne fa suka yi wa One More Light ca a 2017, wai ya yi laushi, wai sun sayar da kansu. Mutumin yana raye suka hana shi sakat, yanzu kuma sun zama masu gadin sunansa.

Ɗauko mace da suka yi shi ne dabarar da ta fi. Da namiji suka kawo mai murya irin tasa, da kullum ana auna shi, ana cewa kwaikwayo yake. Ita ba ta da hanyar kwaikwayonsa ko da ta so, har kiɗan wasu tsofaffin waƙoƙin sai da aka canza wa ma'auni don ya zauna da muryarta. Ka koma ka ji Over Each Other, ita kaɗai ta ja ta ba gambarar Mike. Wannan ce nake sawa in ina guga. A nan za ka ji ko wace ce ita in ba a sa ta cikin rigar wani ba.

Usman Ɗan Illela

Malama Nana, ban yarda ba. Lokacin da Wakefield ya tafi wa ya san su? Ko albam ɗaya ba su fitar ba. Sunan da ake cin abinci da shi yau da muryar Chester aka gina shi.

Akwai waɗanda suka nuna yadda ake yi. Da Ian Curtis ya mutu a 1980, sauran 'yan Joy Division suka ajiye sunan suka zama New Order. Bayan Kurt Cobain a 1994 ba wanda ya sake fita da sunan Nirvana, Dave Grohl ya je ya kafa Foo Fighters tasa. Ko Queen da suka ci gaba da wasa, sun rubuta sunan Adam Lambert daban a gefen nasu don kowa ya san baƙo ne. Me ya hana su Mike yin haka? Sunan Xero ma yana nan ajiye, da sun ɗauko shi. Amsar kowa ya san ta: sabon suna ba ya cika filin wasa.

Kuma ɗan Chester, Jaime, ya fito fili ya soki abin, mahaifiyar Chester ma ta ce ba a sanar da ita ba. In iyalin mamaci ba su ji daɗi ba, ni wa nake da zan tafa?

Albam ɗin na ji shi a mota daga Illela zuwa cikin gari, kafin mu iso ya ƙare har na koma kan Mdou Moctar. Ba shi da muni. Amma minti 32 bayan shekara bakwai?

Nana Arkilla

Malam Usman, Meteora ɗin da kuke rantsuwa da shi ma bai kai minti 37 ba. Kuma tunda 1980 ka ambata, a shekarar ce Bon Scott na AC/DC ya mutu a watan Fabrairu, zuwa Yuli sun fitar da Back in Black da Brian Johnson, ba su taɓa sunan ba. Shi ne albam ɗinsu da ya fi kowanne sayuwa. Ka zaɓo misalan da suka yi maka daɗi ne kawai.

Kawu Sidi Mai Lasifika

Bello ɗana, ni ban san Turawan ga naku ba, sai abin da ɗiyana ka sawa cikin gida har kaina shi yi ciwo. Amma na daɗe ina jan waya da lasifika wurin buki, na ga makaɗa sun mutu an gaje su, don haka bari in tsoma baki.

Wanga abu ba baƙo na ba gare mu. Ɗankwairo da kuka ji ana yabo ba da tsayuwa gaba yaf fara ba. Ubanai Usman Ɗankwanda makaɗi na, bayanai yayanai Kurna ya riƙa gidan, shi kau Musa shina amshi shekara da shekaru kahin shi tsaya gaba. Da Allah yak karɓi abinai 1991, ɗiyanai sunka ɗauka. Har yau in sunka tada waƙatai wurin taro babu mai cewa sun yi sata, ko da kowa ya san muryar ba ta kai ta tsoho ba. Mi as sa? An gan su bayanai suna amshi. Kunnen mutane ya saba da su tun shina da rai.

To wagga yarinya taku, ta taɓa amshi bayan mamacin? Bisa ga abin da kunka hwaɗi, ba ta taɓa ba. Shi na abin da ka damun kunnenka, ba wai ba ta iya ba. An ɗauko ta daga wani gida an aje ta gaba rana guda.

In da ni anka tambaya, Mika'ilun nan da sunka yi shekara 18 suna musayar baiti da shi, shi na magaji. Shi tsaya gaba. Ita kau ta yi nata sababbi, tunda kun ce ta iya, tsohin ta bar su su huce tukuna. Batun suna kuma, Usman, gida ba shi canza suna don maigida ya mutu.

Abba Runjin Sambo

Kawu ya mai da Mike Shinoda Mika'ilu, ni na gama. Ku ci gaba, ina gefe ina karatu.

Bello Mabera

Kawu, Allah ya ƙara girma. Wallahi ka faɗi abin da na kasa faɗa. Sai dai akwai cikas guda: Mika'ilun naka ba zai iya ɗaukar baitin Chester ba. Shi gambara ce aikinsa, in ya rera ma a ƙasa yake rerawa, ba ya hawa inda wancan ke hawa. Shi ma ya sani.

Amma maganarka ta amshi ta tuna min wani abu. A taron tunawa da Chester da suka yi a Hollywood Bowl a watan Oktoba 2017, da aka zo kan Numb ba wanda ya tsaya gaban makirufo. Aka haska shi ba kowa, suka kaɗa kiɗan, jama'a suka rera waƙar. Haka Mike ya riƙa yi da In the End a yawon wasansa na 2018, ya yi nasa baitin ya bar wa 'yan kallo na Chester. Su ne suka yi masa amshi tun 2000, kuma ba wanda ya ji haushi. Da ni ke tsara musu wasa, da waɗannan biyun na bar su a haka, Emily ta riƙe nata da sauran masu zafi waɗanda taro ba zai iya ja ba.

Usman, a kan suna ina tare da Kawu da Nana. Mutum huɗu cikin shida suna nan a albam ɗin, kuma Mike ne ke rubuta yawancin abin tun farko. A kan iyali kuwa ka fi mu gaskiya, ko a nan garin ba a yin irin wannan sai an je an gaida uwa an faɗa mata.

Nana, na koma kan Over Each Other. Har yanzu tana min kama da waƙar wata ƙungiya daban, amma ƙungiyar da zan saurara.

Wani abu kuma, an sake fitar da albam ɗin a watan Mayu 2025 da ƙarin sababbin waƙoƙi uku. Ban ji su ba tukuna. Akwai wanda ya ji?

Nana Arkilla

Na ji su. Up From the Bottom ta fi rabin abin da ke cikin na farkon, kuma a nan ne na fara jin ita da Mike sun daina yi wa juna kara. Sauran biyun ka ji da kanka, ba zan ce komai ba kada Malam Usman ya ce na ɗauki ɓangare.

Usman Ɗan Illela

Ai kin riga kin ɗauka. Bello, ranar Lahadi kasuwar Illela ba zan samu shigowa ba, amma Litinin ina gari. In ka ji su kafin nan ka faɗa min ko sun cancanci datata.