Iskar can sama da hadarin damina: shawarwarin da aka tattara a Maradi

A zaman da malaman makaranta da manoma suka yi a Maradi kan hasashen damina, an fi daɗewa kan tambaya guda: me ke sa hadari ya taso da ƙarfi sannan ya watse?

Masana yanayi sun ce yawancin ruwanmu na zuwa ne tare da igiyoyin iska (lanƙwasar da iska ke yi kamar igiyar ruwa) masu ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma, duk kwana 3 zuwa 5. Wasunsu in sun faɗa tekun Atlantika sukan rikiɗe su zama mahaukaciyar guguwa.

Can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12, akan samu kewayen iska mai sanyi, kuma shawarar farko ita ce a duba inda ya tsaya. In yana daf da igiyar, iskar sama ta saɓa da ta ƙasa, kan girgije ya rabu da gindinsa, busasshiyar iska ta kutsa, hadarin ya mutu. In da ƴar tazara kuwa, yakan buɗe wa iska mai ɗumi mafita ta sama, tsawa ta ƙaru. An fi ganin wannan a kan teku, shi ya sa a ganina bai kamata manomin gero ya ɗora lissafinsa a kai ba. A nan, danshin da ke tasowa daga tekun Gini da busasshiyar iskar Sahara sun fi tasiri.

Dattawan wurin sun ƙara da cewa kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko, a saurari hasashen cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai.