An Saye Gidajen Rediyon Kano, Ko Fili Kawai Suke Sayarwa?

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, wanda zai ji haushi ya ji. Tun farkon damina kwatar layinmu ta toshe, ruwa yana shiga gidajen mutane, har katangar wata dattijuwa ta faɗi. Na taka da ƙafata zuwa wani gidan rediyo in kai kuka, aka ce in rubuta in ajiye, in kuma ina so a yi da wuri to ga farashin sanarwa. Da daddare na kunna tashar nan, sai ga wani sojan baka ya cika gari da ihu, yana wanke ubangidansa yana tsige na wani. Wallahi an saye gidajen rediyon Kano, talaka ba shi da wurin kai kuka.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumussalam. Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma "an saye" ɗin nan ta yi nauyi. Wa ya saya? Nawa ya biya? Fili ake sayarwa, ba tashar ba. Ɗan siyasa ya biya kuɗin minti talatin kamar yadda mai maganin gargajiya yake biya, ya faɗi abin da zai faɗa ya tafi. Sashen kasuwanci daban, ɗakin labarai daban.

Malam na Gwale: Daban a takarda. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Wanda ya sayi filinka wata shida a jere, ranar da labarinsa mara daɗi ya zo, edita zai sa shi a kanun labarai?

Ɗan Fagge: Malam, wannan zato ne. Kawo suna ɗaya.

Malam na Gwale: In kawo suna a kai ni kotu? Kai za ka yi belina?

Maman Haidar: Ku ba ni wuri, ni na zauna a ɗakin labarai. Babu wanda yake zuwa da buhun kuɗi ya ce na saye ku. Abin a hankali yake shiga. Tasha tana ƙona dizal dare da rana, albashi yana makara, babban mai ba da talla kuma gwamnati ce da 'yan siyasa. Wakili ya je taron manema labarai, a miƙa masa ambulan a ce kuɗin mota. Ba a ce masa ya yi ƙarya ba. Tambaya ta biyu ce kawai ba zai yi ba. Kwamishina ya ce an kashe kaza a kan aiki kaza, a karanta haka nan da ƙarfe bakwai, babu wanda ya je ya ga aikin da idonsa, domin zuwan ma kuɗin mai ne.

Ɗan Fagge: Yauwa Hajiya! Kin ga ke ma ba ki ce "saye" ba.

Na Kurna: To a ce haya mana, kowa ya huta. Abin da aka saya ai ba ya komawa hannun wani. Su kuwa sojojin baka ana rantsar da sabon gwamna sai ka ji murya ɗaya, waƙa ta sauya.

Maman Haidar: Ƙanena, kar ka haɗa min ɗan jarida da sojan baka. Wannan cin fuska ne.

Sarkin Yaƙin Baba: Kuna ta saye da haya, kun tsallake babbar magana. A watan Mayun 2025 wace gwamnati ce ta hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a Kano? Kwamishinan yaɗa labarai Ibrahim Waiya ne ya sanar, har da cewa baƙo sai ya sa hannu a takarda kafin ya yi magana, mai gabatarwa kuma kada ya yi tambayar tunzurawa. Wa zai auna tambayar da take tunzurawa? Gwamnatin Abba ce ko ba ita ba?

Jikan Madugu: An fara. Zama aka yi da shugabannin tashoshin, aka daidaita a kan a tsaftace harshe. Zagin iyaye da ake yi a iska, yara suna ji, shi kake karewa? Kuma wanda ubangidansa Ganduje ne har yana da bakin maganar 'yancin jarida? Ɗan jarida Jaafar Jaafar ya fitar da bidiyon da ake zargin Ganduje da karɓar dala a 2018, ina ya ƙare? A 2021 sai da ya bar ƙasar ya koma Ingila.

Sarkin Yaƙin Baba: Bidiyon da Baba Ganduje ya musanta tun ranar farko? Kawo kotun da ta kama shi da laifi a kai. Cire jar hular ka yi magana.

Jikan Madugu: Ba zan cire ba. Da ita za a binne ni.

Baban Sadiƙ: Jama'a, ni fa maganar kwatarmu nake yi.

Lauyan Zaure: Dukkanku ku saurara. Lasisin tasha a hannun NBC yake, hukumar tarayya mai kula da tashoshin rediyo da talabijin da aka kafa a 1992, ba a hannun gwamna ba. Amma gwamnoni ba sa ji. Matawalle ya rufe tashoshi a Zamfara a Oktoban 2022 saboda sun ɗauki taron PDP, har da NTA. Bago ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna a 2025. Ita kanta NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 a 2022 kan shirin 'yan bindiga, sai a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce ba ta da hurumin cin tara. Sashe na 22 na tsarin mulki cewa ya yi aikin jarida shi ne sa ido a kan gwamnati.

Ɗan Fagge: To ka gani! Wanda aka saya ana rufe shi? Ana cin sa tara?

Malam na Gwale: Wanda ya ƙi sayuwa ake rufewa. Sauran fa da ba a taɓa ba?

Elhajin Maraɗi: Ku dai ku gode Allah, ko ku yi kuka, ban sani ba. Mu nan Nijar an dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, BBC ma aka dakatar da ita wata uku a Disamban 2024. Kuma ni ban ga laifi ba. Su ma na waje saye su aka yi, ƙasashensu ke biyan su.

Na Kurna: Alhaji, wanda soja ya zaɓa masa abin da zai saurara shi zai koya mana jarida?

Elhajin Maraɗi: Yaro, ka iya bakinka. Ku da kuke da tasha a kowane lungu, me ta hana?

Maman Haidar: Ka ba Alhaji haƙuri, ya girme ka.

Na Kurna: Ban zage shi ba, Hajiya, tambaya na yi.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta daga muhawarar nan: an yi ittifaƙi cewa ba a sayi kowa ba, fili ake sayarwa, kamar yadda Ɗan Fagge ya yi bayani mai gamsarwa. An kuma tabbatar cewa matakin gwamnatin Kano gyaran tarbiyya ne da amincewar tashoshin, saɓanin abin da ya faru a zamanin wasu, wanda Jikan Madugu ya tuna mana da hujja. Sarkin Yaƙi, wannan ne gargaɗi na biyu kan kawo siyasa cikin zaure. An rufe wannan batu, wanda ya ƙara sai na fitar da shi.

Malam na Gwale: Ittifaƙi da wa, Shugaba? Nawa aka biya kuɗin wannan filin?