Neman shawara: Fijo 504 ta marigayi Babanmu nake son tayarwa, in sa mata V8 ko in bar mata injinta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar mota ku taimaka min da shawara. Akwai Fijo 504 ta marigayi Babanmu, haɗin Kaduna, shekara shida kenan tana ajiye a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, tun rasuwarsa ba wanda ya tayar da ita, sau uku 'yan gwangwan na zuwa tayawa Hajiya na korar su. Yanzu dai ta zama tawa. Ni kuma na daɗe ina kallon abin da Amurkawa ke yi da tsofaffin motocinsu wanda suke kira hot rod, a ɗauko Ford ta 1932 a rage mata nauyi a zuba mata ƙaton inji, kana ganinta tsohuwa amma in ta taka sai dai ka ga ƙurarta. Wani bakanike ya ce zai iya sa min injin 1UZ na Lexus LS400, V8 (wato mai silinda takwas) mai lita 4, wai wata ɗaya ya gama. Wallahi raina ya biya amma ina tsoron in lalata motar da a cikinta aka kai ni makaranta. Me kuke gani?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena shekarata ashirin da wani abu ina kwance Fijo, kafin maganar inji ka ɗaga kafet ka duba ƙasan motar, ƙarƙashin ƙofofi, gindin gilashin gaba da inda shokasoba ke ɗaure, ka soka sukundireba, in ya shige to tsatsa ta ci, aikin mai walda ne farko. Sannan batun 1UZ, injin 504 mai lita 2 bai kai ƙarfin doki 100 ba, shi kuwa wancan wajen 250 ne. Giyabos ɗinta ba zai ɗauka ba, aksil ɗin baya ba zai ɗauka ba, kuma farfelar 504 a cikin bututu take wanda ya haɗe giyabos da aksil, in ka canja ɗaya dole ka sake tsarin ƙasan gaba ɗaya. Ga lagireto, ga waya da kwamfutar inji, ga birki wanda shi ne ya fi damuna, mota ce mai nauyin tan ɗaya da ɗan wani abu, ka ba ta wannan ƙarfin da birkin da ta zo da shi ai ganganci ne da ranka da na mutane. Duk wanda ya ce maka wata ɗaya, ka ce ya nuna maka wadda ya taɓa yi tana tafiya a titi.

Tsohon Direban Zariya:
Yaro ka ji maganar dattijo, kar ka yanka motar nan. Mun yi lodi da wagon ɗinta shekara da shekaru. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma a shekarar ce 504 ta ci tseren Safari a Kenya. Ba raguwar mota ba ce, gyara take so.

Ɗan Fanteka:
Baba Allah ya ƙara girma amma ni ina bayan V8 ɗin, ai su ma Amurkawan haka suka faro, matasa ne a gareji da walda. Ana iya yi, sai dai inji da giyabos da aksil duk na mota ɗaya za ka saya, ka sa birki mai faifai manya gaba da baya, kuma ka je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardu don kar ka sha wahala a hanya. In aljihunka ba zai iya wannan duka a tare ba to kar ka fara, nan gareji cike yake da motocin da aka buɗe aka kasa rufewa.

Mai Sifana:
Yauwa, ka faɗi gaskiya a ƙarshe. Ni abin da zan ba shi shawara, ya nemi kayan Fijo 505 tunda 'yan gida ɗaya ne. Giyabos mai giya biyar na 505 yana zama a 504 ba tare da yanke-yanke mai yawa ba, kuma in Allah ya sa ya dace da injin 505 GTI mai lita 2.2, doki 130 ne, zai ji bambanci sosai. Ko ma injinta na asali, silif ɗinsa ana zarewa, a sa sabon fistin da ringi, a wanke kafireta a sa salansa mai kyau. Ka zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a tambayo maka kasuwar Ladipo a Legas. Amma don Allah kar ka sa batir ka murza makulli yanzu, ka cire fulogi ka zuba ɗan baƙin mai a kowane rami ya kwana biyu, a juya injin da hannu a ji ko ya kama, tankin ma a sauke a wanke.

Maman Husna:
Ni ban san inji ba, amma ka tambayi Hajiya tukuna. Wadda ta kori masu saye sau uku akwai abin da take gani a motar nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi wa Hajiya maganar ɗazu, ta ce in yi abin da na ga dama da injin motar amma kalarta da kujerun kar a taɓa, kuma ita za a fara ɗauka ranar da ta tashi. Na ɗaga kafet ɗin, gefen direba ya huje kamar tafin hannu, sauran da sauƙi. Oga Mai Sifana na zuba man tun la'asar, ranar Asabar in sha Allah zan gwada juyawa, sifana lamba nawa zan nema?