"So duka so ne, amma son kai ya fi": uzuri ne ko zargi?

Ɗan Ƙofar Doka: Assalamu alaikum. Rigima ta tashi jiya wajen watanda a Tudun Jukun. Mutum 20 suka haɗa kuɗi aka sayi sa, wanda aka wakilta ya ware wa kansa tozo da hanta tun kafin a kasa. Da aka tanka masa sai ya ce so duka so ne, amma son kai ya fi. Nan ne muhallinta?

Almajirin Kusfa: Wa alaikumus salam. Murɗe ta ya yi. Hausawa halin ɗan Adam suka faɗa, ba izini suka bayar ba. Hadisin "fara da kanka" a kan dukiyarka yake, naman watanda kuwa amana ne. Ya duba hadisi na 13 a Arba'una, na so wa ɗan'uwanka abin da kake so wa kanka.

Bazazzagiya: Allah gafarta Malam, ai tsofaffi nasiha suke yi da ita. Wanda ya rabar da hatsinsa tun da kaka, bazara ta tarar da rumbunsa wayam, shi ake faɗa wa.

Jikan Goggo: Kakata, Allah Ya jiƙanta, ita ke kasa naman layya a gidan gandu a Kwarbai, ɗaki 7. Tsoka daban take fara zagayawa da ita, sannan ƙashi, sannan kayan ciki, kitse a ƙarshe. In aka cakuɗa tun farko, wani kashin sai ya tashi rabinsa ƙashi. Bayan nan kowace mace ta kawo alama: tsinke, tsakuwa, ɓawon gyaɗa. A kira yaron da bai ga alamar kowa ba, ya ɗora a kan kowane kashi. Ita ba ta sa alama, ragowar take ɗauka. Shi ya sa take daidaita rabon har ƙwayar ƙoda, don ba ta san wanne zai zama nata ba. To son kanta ne ya gyara rabon.

Na Samaru: A ara wa masu rabon taki yaron nan! Tirela buhu 600 take ɗauka, amma kafin ta iso mazaɓa sai ka ga manoma biyar a kan buhu ɗaya.

Bazazzagiya: Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Na Samaru: Yaya, wa ya naɗa bafaden? Giyar mulki daga sama take gangarowa.

Ɗan Ƙofar Doka: Jikan Goggo, kai da ƙafa da fata fa, ya take yi da su? Har yanzu masu watandan suna can ana jayayya.