George Lane da kujerar Bow Valley: cin amana ne ko biyayya?

Ɗan Kalgari: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na kai yara garken Bar U da ke kusa da Longview, kudu da Kalgari. Har yanzu suna ajiye manyan dawakin nan na Percheron masu jan keken baƙi. Ƙaramin ɗana ya ɗora tafinsa kusa da kofaton ɗaya, bai rufe ko rabinsa ba. Ko'ina ka duba sunan George Lane ne, tsohon mai garken. To amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A 1913 mutanen Bow Valley suka zaɓe shi ɗan majalisar lardin Alberta na ƙasar Kanada a jam'iyyar Liberal, ba a jima ba ya sauka don Charles Mitchell ya hau kujerar. Ni a wurina wannan cin amana ne, kowa ya ce abin da zai ce.

Baba Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi saurin yanke hukunci. A tsarinsu minista sai yana da kujera a majalisa. Mitchell minista ne a gwamnatin Arthur Sifton, ya kuma sha kaye a Medicine Hat a wannan zaɓen. Ko dai wani ya matsa masa, ko gwamnati ta rasa shi. Lane ya matsa, aka kira zaɓen cike gurbi a fili, Mitchell ya wuce ba hamayya. Ina ɓoye-ɓoye a nan?

Ɗan Kalgari: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai Medicine Hat ta riga ta ce ba ta so. Mutumin da ya ɗaura wa doki sirdi ya yi tafiyar rabin wuni don ya jefa wa Lane ƙuri'a, da wa aka yi shawara a kansa?

Jikan Makiyaya: Ni fa ku bar ni da shanun. Mutumin nan a Iowa aka haife shi a 1856, ya shigo Alberta a 1884 a matsayin shugaban makiyayan Bar U, ɗan ƙwadago ne a garken wasu. A 1902 shi da abokan kasuwancinsa suka saye garken. Sai ga hunturun 1906 zuwa 1907, ƙanƙara ta rufe ciyawa, shanu suka yi ta mutuwa dubbai a faɗin yankin, garkuna da yawa ba su sake tashi ba. Duk wanda ya taɓa ganin saniyarsa ta durƙusa ta kasa miƙewa ya san zafin abin. Lane ya tsaya, ya ƙara himma kan kiwon Percheron, domin manoman da ke ta kwararowa suna neman dawakin huɗa. A 1912 shi da Pat Burns da A. E. Cross da Archie McLean kowa ya ajiye dala 25,000 aka kafa bikin Stampede na Kalgari, bikin wasannin dawaki da shanu. Irin wannan mutum zaman majalisa a Edmonton, babban birnin lardin, ɗaure shi zai yi.

Ɗan Kalgari: To ai ka ƙara mini hujja, ɗan'uwa. Idan ya san ba zai zauna ba, me ya kai shi tsayawa?

'Yar Edmonton: Yayyena, ku gafarce ni, kuna ta maganar masu ƙuri'a kamar kowa ne. A 1913 mace ba ta zaɓe a Alberta, sai 1916 aka ba su. 'Yan asalin ƙasar kuwa ba a ma sako su a lissafi ba. Su Blackfoot da Stoney Nakoda sun sa hannu a yarjejeniya ta bakwai da gwamnatin Kanada kan filayensu a 1877, a 1881 kuma gwamnatin Ottawa ta fara ba da hayar makiyaya har eka 100,000, shekara 21, a kan santi ɗaya kowace eka a shekara. A kan wannan aka kafa Bar U a 1882. Wannan ya fi kujerar damuna, wallahi.

Baba Tsohon Malami: 'Yata, kin yi gaskiya, sai dai lokacin hayar nan Lane bai ma iso ba. Kada mu ɗora masa kayan da ba nasa ba.

'Yar Edmonton: Bai ƙulla ba, Baba, amma a kai ya yi arziki.

Ɗan Kalgari: Ƙanwata, na karɓi taki, kuma idan muka koma zan gaya wa yara ƙasar wa suke takawa. Baba, na yarda doka ba ta hana ba. Kalmar cin amana ce kawai ban janye ba.