Na yi dashen tumatir bayan sanyi, ganyen ya koma fari: me zan gyara kafin zafi ya kankama?

Sabon-shiga:
Assalamu alaikum. Na reni irin tumatir da tattasai a cikin ɗaki, da sanyi ya ja baya na dasa su a lambun gida. Yanzu ganyen ya yi fari-fari kamar takarda, wasu sun langaɓe, tattasan kuma ya ƙi motsi. Ina ba su ruwa kullum. Taki ne ya yi kaɗan?

Mai Fangali:
Wa alaikumus salam. Malam, ba taki ba ne, rana ce ta ƙone su. Tsiron da ya tashi a ɗaki ganyensa bai saba da rana da iska ba, sai an horar da shi kwana 7 zuwa 10 kafin dashe. Ranar farko awa 1 ko 2 a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, a riƙa ƙara lokaci kullum, a fara da hantsi, sai a ƙarshe ya kwana a waje. Dashen kansa da yamma ake yi ko ranar da gari ya lumshe.

Ganyen da ya yi fari ba zai dawo ba. Ka duba kan tsiron: in sabon toho kore ne, zai rayu. Ka yi masa rumfa da yadi mara nauyi na 'yan kwanaki, kuma kada ka zuba taki yanzu, saiwar da ke jinya gishirin taki ƙona ta yake yi.

Tattasan kuwa ƙasa ce ba ta ɗumama ba. Tumatir yana son ƙasa ta kai kamar digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, tattasai 18, dare kuma ya daina sauka ƙasa da 10. Zafin tsakar rana yana ruɗin mutane.

Uwar Lambu:
Ɗan'uwa, ruwan kullum ɗin nan shi ya fi damuna. Yayyafin kullum yana tsayar da saiwa a sama, zafi na zuwa sai ta rasa mafaka. Bayan makon farko na dashe ka koma sau 2 ko 3 a mako, jimilla kamar lita 25 a kowace murabba'in mita, da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Ƙasa mai yashi ko shukar tukunya sun fi haka buƙata. Ka tura yatsa santimita 5: in da danshi, ka ƙyale. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf ma tana sa ganye langaɓewa, domin saiwa ba ta samun iska.

Ka kiyaye wannan sosai idan 'ya'ya sun fara fitowa. Yau fari gobe ambaliya shi ke kawo baƙin tabon nan a ƙasan tumatir, saboda sinadarin kalsiyam da 'ya'yan ke buƙata, da ruwa yake tafiya zuwa gare su. Kuma ka rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, kaurin santimita 5 zuwa 7.

Mai Fangali:
Hajiya, na yarda da rufin, amma ba yanzu ba. In ya rufe ƙasa tana da sanyi, sanyin zai tsare, tattasan ya ƙara daɗewa. Ya bari ta ɗumama tukuna, sannan ya bar tazarar yatsu uku tsakanin ciyawa da kara don kada ya ruɓe. Ciyawar ma wadda ba ta da iri.

Uwar Lambu:
Gaskiyarka, Malam. Taki kuma sai sabon ganye ya fito, bayan kamar mako 2 zuwa 3. Ruɓaɓɓen takin gargajiya, santimita 3 a kewayen gindi. Ɗanye yana ƙona saiwa. Yuriya, wato takin zamani, in ta yi yawa ganye za ka samu, fure kaɗan. Ka kafa sandunan tumatir tun yanzu kafin saiwa ta bazu, kuma ka riƙa ɗaga ganye kana duba ƙananan ƙwarin da ke taruwa a ƙasansa suna tsotsa. Feshin ruwa mai ƙarfi da safe yana zubar da su tun ba su yi yawa ba.